Fararriya ko Daɗaɗɗiya? Tarihin Gardamar Farkon Duniya Daga Atina Zuwa Gaɓar Yawuri

Duk wanda ya tashi a ƙasar Yawuri ya san tsofaffinmu da wata magana idan zancen kogin Kwara ya taso. Sai ka ji tsoho ya ce, "Ai ruwan nan tun fil azal yake tafiya, haka kakanninmu suka tarar da shi, haka za mu bar shi." Mai faɗar wannan magana ba ya nufin kome face kogin ya daɗe. Amma kalmar nan "azal" da ya ɗauko ba ta masunta ba ce, daga littattafan tauhidi ta sauko cikin Hausa, kuma ainihin ma'anarta shi ne daɗewar da ba ta da farko sam. Da wani malamin ƙarni na 18 mai tsanani zai ji tsohon nan, da sai ya tsare shi da tambayoyi, watakila ma ya hana a ci yankansa. Dalilin haka shi ne abin da nake so in bibiya a wannan maƙala.

Kogin dai bai zauna yadda aka tarar da shi ba. A 1964 aka fara gina madatsar Kainji, a 1968 aka toshe ruwan, ya yi baya ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Tsohuwar Busa ta nutse, gungaye da yawa na Gungawa suka shige ƙarƙashin ruwa, aka tashi mutane fiye da 40,000 daga gaɓa da tsibirai aka sake musu matsuguni. Kakata, Allah Ya jiƙanta, in muna cikin kwalekwale sai ta nuna wani wuri da babu kome sai ruwa, ta ce nan ne gonarsu ta albasa. Da na fara karatun Ummul Barahini a wani zaure a Yalwa, malaminmu da wannan tafki yake buga misali. Ya ce abin da ido ya ga ya sāke daga hali zuwa hali ba zai zama daɗaɗɗe ba, fararre ne, fararre kuwa dole ya kasance da wanda ya farar da shi. Mu yara muka haddace, muka wuce gaba. Sai da na zo jami'a na gane cewa layukan nan biyu ko uku da muka haddace ragowar wani yaƙi ne na tunani da aka yi shekara fiye da dubu ana gwabzawa.

Masu cewa ba ta da farko

Wanda ya fara tsara hujjar daɗewar duniya sosai shi ne Aristotal, wanda littattafan Larabci ke kira Arisɗo. Ya koyar a Atina, ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa. Bai kamata mai karatu ya ɗauka mutumin nan shashasha ne ba, don hujjojinsa suna da ƙarfi. Ya ce, ɗauki kowane "yanzu" da ka ga dama, za ka tarar ƙarshen abin da ya wuce ne, kuma farkon abin da zai zo. To in haka kowane "yanzu" yake, yaya za a sami wani "yanzu" na farko wanda babu kome bayansa? Da ka ce "kafin a yi lokaci", ka riga ka yi amfani da lokaci, domin "kafin" ɗan lokaci ne. Haka kuma motsi: duk abin da ya fara motsi wani sauyi ne ya tashe shi, sauyin nan kuwa shi ma motsi ne. Saboda haka a wurinsa sammai suna juyawa tun babu farko. Wani masanin Atina mai suna Proclus, wanda ya rasu a 485, ya tara hujjoji 18 a kan wannan ra'ayi.

Raddi mai ƙarfi na farko daga Masar ya fito, daga wani Kirista na Iskandariyya, Philoponus, wanda Larabawa suka sani da Yahaya Annahawi. A 529 ya rubuta littafi yana warware hujjojin nan 18 ɗaya bayan ɗaya. Dabararsa ita ce ya kama Arisɗo da bakinsa. Arisɗo ya yarda cewa abin da ba shi da iyaka ba a ƙetare shi, ba a kuma ƙara masa. Sai Yahaya ya ce, to in kwanakin da suka wuce ba su da iyaka, yaya aka yi muka ƙetare su muka iso yau? Kuma gobe in ta zo za a ƙara kwana ɗaya a kan abin da aka ce ba ya ƙaruwa. Littattafansa sun shiga Larabci a zamanin Abbasiyawa, Alkindi na Bagadaza kuma ya ɗauki irin wannan hanya a ƙarni na 9.

Sai dai manyan masana falsafa na Musulmi, Alfarabi (ya rasu 950) da Ibn Sina (ya rasu 1037), sun tsaya tare da Arisɗo, amma suka sauya wa maganar riga. Su ba Dahariyya ba ne, watau masu cewa babu kome sai zamani. Sun yarda da Allah, sun yarda duniya ba ta tsaya da kanta ba. Abin da suka tambaya shi ne: in Allah daɗaɗɗe ne, ikonSa cikakke ne tun azal, kyautarSa ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, me ya jinkirtar da halitta? Me ya sa a wancan lokaci, ba gabaninsa ba? In an ce wani sabon nufi ne ya zo maSa, an jingina maSa sauyi, sauyi kuwa siffar fararru ce. Don haka suka ce Allah Ya gabaci duniya da daraja da sababi, ba da zamani ba, kamar yadda motsin hannu ya gabaci motsin zoben da ke yatsa alhali tare suke motsawa. Ni dai da na fara karanta wannan sai da na ajiye littafin na fita na sha iska, don na ga su ma tsarkake Ubangiji suke nema, ta wata ƙofa dabam.

Imamu Gazali ne ya tare su. A 1095, yana Bagadaza, ya kammala Tahafutul Falasifa, ya kawo mas'aloli 20, ta farko kuma mafi tsawo ita ce ta daɗewar duniya. Hujjarsa da ta fi shahara ta falaki ce. A lissafin mutanen zamaninsa rana tana gama zagayenta a shekara 1, Mushtari a shekara 12, Zuhalu a shekara 30. In duniya ba ta da farko, zagayen rana ba shi da iyaka, na Zuhalu ma ba shi da iyaka, amma ga shi na rana ya ninka na Zuhalu sau 30. Yaya abu biyu marasa iyaka ɗaya zai ninka ɗaya? Ya ƙara da cewa adadin zagayen nan ko dai shafa'i ne ko wutiri, watau cika ko mara. In ka ce cika ne, ƙarin ɗaya zai mai da shi mara, to yaya marar iyaka zai rasa ɗaya? A kan tambayar Ibn Sina kuwa, ya ce aikin nufi ke nan, ya zaɓi ɗaya daga abu biyu masu kama da juna. Mayunwaci in aka ajiye masa dabino biyu iri ɗaya ba ya mutuwa da yunwa don ya rasa dalilin fifita ɗaya, zai miƙa hannu ya ɗauka. Sa'an nan ya ce shi lokacin kansa halitta ne, tare da duniya aka yi shi, saboda haka tambayar me ya sa ba a yi ta da wuri ba ba ta da wurin zama. A ƙarshen littafin ya kafirta masu falsafa a kan mas'aloli uku, daɗewar duniya na cikinsu. Daga nan maganar ta tashi daga gardamar masana ta koma maganar wane ne Musulmi.

Ibn Rushdi na Ƙurɗuba (ya rasu 1198) ya mai da martani da Tahafutut Tahafut. Ya ce zagayen da suka wuce sun wuce, ba su taru wuri ɗaya ba balle a ƙirga su a ce cika ko mara, cika da mara siffar abin da ke da iyaka ce. A wani littafinsa, Faslul Maƙali, ya nuna cewa saɓanin ya kusa zama na suna kawai, bai kai na kafirtawa ba. Amma muryarsa a Turai aka fi jin ta. Abin da ya gangaro ƙasashenmu shi ne ɓangaren Gazali.

Yadda ta ƙetaro Sahara

Wanda ya dunƙule wannan doguwar gardama ta zama 'yan layuka shi ne Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi na Tilimsana, wanda ya rasu a 1490. Garinsu ɗaya da Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma zamaninsu ɗaya. Sanusi ya rubuta aƙidu manya da ƙanana, ƙaramar da ake kira Sugura ko Ummul Barahini ita ce ta game Afirka ta Yamma. A Tambutu ana karantar da ita tun ƙarni na 16. Shehu Abdullahi na Gwandu ya faɗa a Ida'un Nusuhi cewa daga wansa Shehu Usmanu ya ɗauki ilimin tauhidi ta littattafan Sanusi da sharhohinsu. Siffofin nan da kowane ɗan makarantar zaure ya sani da Hausa, samuwa, daɗewa, wanzuwa, saɓa wa fararru, tsayuwa da kai, kaɗaitaka, a kan jerin Sanusi suke.

Hujjar tasa ga yadda take tafiya. Duk wani jiki da ke duniya ba ya rabuwa da halaye masu zuwa su wuce, kamar motsi da kawaici. Jirgin ruwa ko yana tafiya ko yana ɗaure a mashaya, babu na uku. Halayen nan fararru ne, don muna ganin zuwansu da tafiyarsu. Abin da ba ya rabuwa da fararre kuwa shi ma fararre ne. To amma mai wayo zai ce: na yarda kowane motsi fararre ne, amma me zai hana a ce kowane motsi akwai wani gabaninsa, haka har abin da ba shi da farko? Nan ne gaɓar da dukkan ginin ya rataya, kuma masu sharhi sun san haka, shi ya sa cikin matakai bakwai da suke jerawa na ƙarshen shi ne kore fararrun da ba su da na farko. Imamul Haramaini Juwaini, malamin Gazali, ya bar wani misali da kuɗin zamaninsa, wanda zan mayar da shi na kasuwarmu. In na ce maka ba zan ba ka goro ba sai na ba ka wani a bayansa, wannan alkawari yana yiwuwa, mu yi ta yi har abada. In kuwa na ce ba zan ba ka goro ba sai na riga na ba ka wani a gabaninsa, to ba za ka taɓa tauna goro ba. Da wannan suke bambanta Aljanna, wadda ke da farko ba ta da ƙarshe, da duniyar masu falsafa, wadda aka ce ba ta da farko.

Da maganar ta tsaya nan, da ba ta wuce wasa ƙwaƙwalwa ba. Amma Sanusi, musamman a babbar aƙidarsa Kubura, ya tsananta a kan muƙallidi, watau wanda ya yi imani don ya ji iyaye da malamai sun faɗa, ba tare da ya san dalili ba. Waɗansu da suka zo bayansa suka ɗauki wannan tsanani suka ƙara masa gishiri. A ƙasar Bagarmi, wajen 1688, wani malami Bafillace mai suna Muhammadul Wali ɗan Sulaimanu ya mayar da wani sharhin Sugura daga Fillanci zuwa Larabci, ya sa masa suna Manhajul Faridi, a ciki ana ɗaukar imanin muƙallidi ba imani ba ne. Wannan karatu shi ne Fulani ke kira Kabbe. Wata Baturiya 'yar Holan, Dorrit van Dalen, ta fitar da littafi a kan malamin nan a 2016, ta nuna cewa tsananin yana da nasaba da yawan sababbin shiga Musulunci a karkara, waɗanda malamai ke shakkar zurfin imaninsu.

A ƙarni na 18 wannan ra'ayi ya yi ƙarfi a ƙasar Hausa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba da labarin mutanen nan a Infaƙul Maisuri: ɗalibai ne da suka ɗanɗani ilimin kalami, suka shiga tare jama'a suna yi musu tambayoyi, wanda ya kasa amsawa yadda littafi ya tsara su ce kafiri ne, har suka yaɗa cewa ba a cin yankan gama-garin mutane, ba a ƙulla aure da su. Mai karatu ya tsaya ya auna. Manomi ya yi alwala, ya yi salla, ya yi azumi, ya ba da zakkar gero, sai wani yaro mai gafaka ya tare shi a bakin kasuwa ya ce, kawo dalilin faruwar duniya. In ya yi shiru, 'yarsa ta rasa miji, naman da ya yanka ya zama mushe. A zamanin da ake sayar da mutum, kalmar "kafiri" tana da wani nauyin kuma, domin shari'a ta hana a bautar da Musulmi ɗa, kamar yadda Ahmadu Baba na Tambutu ya bayyana a Mi'irajus Su'udi a 1615. Wanda aka cire daga Musulunci da tambaya, an cire masa garkuwa ke nan.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yarda da shi, ya yaƙi wannan ƙungiya tun kafin hijirar 1804. Bello ya ce littattafan da ya rubuta a kansu sun haura 50. A Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya ya lissafa su cikin ƙungiyoyin da suka ɓace, ya koma kansu a Hisnul Afhami, akwai kuma wani ɗan littafi da sunansa kaɗai ya isa bayani, wanda yake faɗakar da ɗalibai cewa Allah sananne ne da fiɗira, watau da halittar da aka yi mutum a kanta. Abin lura shi ne Shehu bai ce hujjar ƙarya ce ba. Shi kansa ya karantar da Sanusi, kuma a Usulud Dini da faruwar halitta ya buɗe maganar Ubangiji. Abin da ya ƙi shi ne a mai da hujjar ƙofar shiga addini. Ya ce hukuncin duniya a kan zahiri yake, wanda ya furta shahada ya yi aikin Musulunci Musulmi ne, ba a tona zuciyarsa, Annabi da Sahabbai ba su tsare Balaraben ƙauye da maganar jiki da halayensa ba. Ya kafa hujja da malaman Magriba irin su Hasanul Yusi (ya rasu 1691), wanda ya ga irin wannan fitina da idonsa a Sijilmasa. Gaskiya ne daga baya jama'ar Shehu sun yi nasu hukuncin a kan sarakunan Haɓe, sun kuma yi doguwar musayar wasiƙu da Shehu Laminu na Barno a kan wane ne ya fita daga Musulunci. Amma ma'auninsu aiki ne da ake gani, kamar yanka ga duwatsu da taimakon abokan gaba, ba iya jera dalili ba. Murray Last da Muhammad Al-Hajj sun yi nazarin wannan a wata maƙala tasu ta 1965.

A nawa ɗan ganin, ƙasa irin Yawuri ita ce ta fi cin moriyar wannan matsayi na Shehu. Yawuri tsohuwar daula ce, ana lissafa ta cikin Banza Bakwai, sarautarta ta Hausawa Musulmi ce, amma talakawanta Gungawa ne, da Kambari na ƙasar Ngaski, da Shangawa, da Dukkawa, da Lopawa, kowa da harshensa da al'adarsa. Lokacin jihadi, Sarkin Yawuri Albishir ɗan Ayi ya yi amana da Gwandu, aka bar gidan sarautar yadda yake. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya yi nazarin yadda daular ta raunana a ƙarni na 19 a kundinsa na 1968 a Jami'ar Ahmadu Bello, lokacin da rikicin gida da hare-haren Kwantagora suka ɗaiɗaita ƙauyuka. A irin wannan ƙasa Musulunci a hankali yake shiga, ta aure, ta kasuwa, ta zama kusa da fada. Frank Salamone, wanda ya yi bincike a cikin Gungawa a shekarun 1970, ya rubuta yadda Bagunge ke rikiɗa ya zama Bayawure, ya ɗauki Hausa, ya ɗauki salla. Tashin da tafki ya jawo ya kawo mutanen gungu tudu, kusa da masallaci da makaranta. Yanzu a ce duk wanda ya musulunta a Shanga ko Wara sai ya warware mas'alar fararrun da ba su da na farko kafin a karɓe shi, mas'alar da Ibn Sina da Gazali da Ibn Rushdi suka kasa daidaitawa. Wa zai rage?

Ɗan Tafa

Kada a ɗauka cewa da Shehu ya rufe bakin masu kafirtawa sai tunani ya mutu a Sakkwato. Jikansa ne ma ya fi kowa nisa a wannan fage. Abdulƙadir ɗan Musɗafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa, ɗan Nana Hadiza 'yar Shehu ne, an haife shi a 1804, shekarar hijira, ya rasu a 1864. Mu ɗaliban Hausa da tarihi da Raulatul Afkari muka san shi, littafinsa na tarihin ƙasashen Hausa. Amma a makarantarsu ta Salame ya karanta falsafa da ilimin ɗabi'a da falaki, ya rubuta Futuhatur Rabbaniyya wajen 1828 inda ya auna ra'ayoyin masu falsafa a kan duniya da ruhi da sammai, ya kuma rubuta wani a kan ginshiƙai shida da duniya ta ginu a kansu. Bature Barth da ya sadu da shi a 1853 ya ce shi ne mafi ilimi cikin mutanen Sakkwato na wannan tsara.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne littafinsa na alkawura, Uhud wa Mawasiƙ, na wajen 1855. Mutumin da ya san hujjojin nan ciki da bai, sai ga shi yana ɗaukar wa kansa alkawarin cewa a kan ayoyin Alƙur'ani zai gina aƙidarsa, ba a kan dalilan hankali ba, domin iyakar abin da hankali zai kai mutum shi ne akwai wani Mai yi, ba zai gaya masa siffofinSa ba. A wuri guda kuma ya yi alkawarin ba zai daina zurfafa tunani a kan halitta ba, ya kuma yi alkawarin ba zai kira kowa zuwa ga abin da ya samo daga falsafa ba. Wannan ba maganar wanda ya ji tsoron ilimi ba ce, maganar wanda ya shiga kogin ya san inda ƙafa ke taɓa ƙasa ce. Sojojin Faransa sun ƙone Salame gab da ƙarshen ƙarni na 19, littattafai da yawa suka salwanta, abin da ya tsira na rubutunsa shi masana ke aiki da shi yau.

Su ma Turawa ba su gama da mas'alar ba. Toma Akwinas a ƙarni na 13 ya ce farkon duniya da wahayi aka san shi, hankali ba zai tabbatar da shi ba. Kant a 1781 ya jera hujjar farko da hujjar rashin farko gefe da gefe, ya ce hankali yana iya gina kowacce, alamar ya wuce gonarsa ke nan. Daga shekarun 1870 wani masanin lissafi na Jamus, Cantor, ya nuna cewa adadi marar iyaka ana iya aiki da shi ba tare da karo ba. Jera 1, 2, 3 a sama, ka jera 30, 60, 90 a ƙasa, kowane na sama yana da abokinsa a ƙasa har abada, babu wanda ya rage. Wannan ya rage wa hujjar rana da Zuhalu ƙarfi ƙwarai, kuma ya kamata mu faɗi haka ba tare da jin nauyi ba. Hujjar goro kuwa, ta ƙetare abin da ba shi da farko, har yanzu tana da masu kare ta da masu suka. Wani Ba'amurke Kirista, William Lane Craig, ya farfaɗo da ita a littafinsa na 1979, bai kuma sauya mata suna ba, hujjar kalami ya kira ta.

Ta fuskar ilimin taurari, a 1927 wani limamin Katolika ɗan Beljiyam, Lemaitre, ya lissafa cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi, a 1929 awon Hubble ya nuna tarin taurari suna nisantar juna. A 1948 Hoyle da abokansa suka kawo ra'ayin cewa duniya haka take tun azal, sabon abu ne ke cike gurbi, watau Arisɗo ya dawo da sabuwar riga. A 1965, ana tsakiyar zuba kankare a Kainji, Penzias da Wilson suka ba da sanarwar gano ragowar zafin farko da ya cika sarari, ra'ayin Hoyle ya faɗi. Lissafin yau ya ba wannan faɗaɗa shekara wajen biliyan 13.8. Na sha jin 'yan'uwa ɗalibai a ɗakin kwana suna cewa shi ke nan, kimiyya ta gaskata Gazali. A yi hattara. Abin da awo ya kai gare shi shi ne wani hali mai tsananin zafi da matsi, masanan kansu kuma suna gardama a kan ko shi ne farko ko akwai wani hali gabaninsa. A 1951 Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi yana kafa hujja da wannan bincike a kan halitta. Lemaitre, wanda shi ne mai ra'ayin kuma limami ne, bai ji daɗin haka ba, ya nemi a daina haɗa lissafinsa da aƙida. Da Paparoma ya yi wa taron masana taurari jawabi a Rum a 1952, bai sake kawo maganar ba.